IJORA, INDA RANA KE DAFA WA ƘADANGARE ABINCI

Daga Wakilinmu na Ikko

Yawancin direbobin manyan motoci da ke tasowa daga Arewa zuwa tashar jiragen ruwa ta Apapa sun san Ijora kamar yadda suka san ƙofar gidajensu, domin sau da yawa a nan layi yake tsayar da su, wani lokaci kwana ɗaya, wani lokaci fiye da haka. Unguwa ce da ta zauna a tsakanin manyan wurare uku, watau Iddo inda tsohuwar tashar jirgin ƙasa take, da Apapa inda ake sauke kayan ƙasashen waje, da tsibirin Ikko inda gadar Eko ke kai mutum. Masu ƙananan motoci suna wucewa ta sama a kan gadoji, ba su ganin komai sai rufin kwano da hayaƙi. Wanda ke son ya san Ijora kuwa dole ne ya sauko ƙasa ya taka da ƙafarsa.

Asalin wurin fadama ce ta bakin ruwa, ƙasar Yarabawa Awori, kuma sarautar Ojora ce ke riƙe da ita tun kafin zuwan Turawa. Yau ta kasu unguwa-unguwa. Akwai Ijora Olopa, inda kasuwar kifi da kajin ƙanƙara take, akwai Ijora Oloye, sa'an nan ga Ijora Badia a gefen hanyar jirgi. Cikin mazauna Badia akwai zuriyar mutanen da aka tasa daga Iganmu a shekarar 1973 domin a gina Babban Gidan Wasannin Ƙasa, wanda aka yi bikin FESTAC a cikinsa a 1977. A watan Fabrairu na 2013 an sake rushe wani sashe na Badia, dubban mutane suka wayi gari ba su da wurin kwana. Mutanen wannan wuri sun san ƙaura, sun kuma san darajar inuwa da ɗaki.

Hausawa sun daɗe a wannan yanki. Tun da hanyar jirgi ta haɗa Ikko da Kano a 1912, fataken goro da na shanu suka riƙa sauka a Agege, inda zango ya kafu ya bunƙasa. Daga can jama'armu ta bi dogo ta gangaro ta Oshodi da Mushin da Ebute Metta har bakin ruwa. A Ijora za ka iske direbobi da yaran mota, da masu shayi, da 'yan dako, da masu tsire, da masu wankin takalmi, kowa yana neman halaliyarsa a ƙarƙashin gada.

TSOHUWAR TASHAR LANTARKI

Abin da ya fara ɗaukaka sunan Ijora a ƙasar nan shi ne wuta. An fara kunna lantarki a Ikko a shekarar 1896, amma babbar tashar da ta ɗauki nauyin birnin ita ce wadda aka buɗe a Ijora a 1923, tana ƙona gawayin kwal da ake haƙowa a Inugu. A shekarun 1950 aka ƙara mata sabon sashe. Shekara da shekaru, duk fitilar da ta kama a ofisoshin Marina ko a gidajen Ikoyi, daga wannan fadama ƙarfinta ya fito. Bayan da aka gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968, aka kuma gina wasu manyan tashoshi, sai hasken Ijora ya soma dushewa. Yanzu injunan sun daɗe da yin shiru, ginin yana nan tsaye, tsatsa tana cin ƙarafansa.

Amma katangun wannan yanki ba su rasa mazauna ba. Duk inda ka duba, a kan bulo da siminti da tulin tsofaffin tayoyi, ƙadangaru ne birjik. Su ne suka gaji wurin, kuma suna da tasu tashar wuta wadda ba ta taɓa rufewa ba, ita ce rana. Wanda ya zauna a kan bencin mai shayi tun daga asuba har faɗuwar rana, ya zuba musu ido, zai ga suna bin wani tsarin aiki da ya fi na ma'aikatan gwamnati kiyaye lokaci.

Da sanyin safiya, sa'ad da ake ta hura wuta a ƙarƙashin tukunyar shayi, ba ka ganin ko ɗaya. Sai rana ta ɗan taso ta bugi fuskar katanga ta gabas sa'an nan za su soma leƙowa daga tsagar bulo. A lokacin nan jan gwada ba shi da kyan gani, jikinsa ya yi duhu kamar toka, tafiyarsa a sanyaye. Yakan shimfiɗa cikinsa a kan siminti, ya juya gefensa ga rana, ya yi lamo. Kana kallo kansa zai soma komawa ja, jikinsa ya yi shuɗi mai duhu. Daga nan ne zai hau wuri mafi tudu, ya dogara da ƙafafun gaba yana gyaɗa kai, yana sanar da sauran maza cewa katangar nan da matan da ke kanta nasa ne. Sai bayan duk wannan zai sauko farautar tururuwa da gara da ƙwari. In rana ta take, kwalta ta ɗauki zafi, sai ya koma ƙarƙashin tirela ya fake. Da la'asar ya sake fitowa, kafin magariba ya shige makwancinsa.

Wani masanin dabbobi mai suna Vernon Harris, wanda ya yi aiki a Kwalejin Jami'a ta Ibadan, ya daɗe yana nazarin rayuwar wannan ƙadangare namu, har ya wallafa littafi a kansa a 1964. Abin da mai shayi ke gani kullum ba tare da ya kula ba, shi ne masana suka zauna suka rubuta.

BA SHI DA MURHU A CIKI

Dalilin wannan tsari shi ne, ƙadangare ba ya iya ɗumama jikinsa da kansa. Ɗan Adam da akuya da kaza suna ƙona abincin da suka ci ya zama zafi, shi ya sa jikin mutum ke tsayawa a wajen digiri 37 ko da sanyi ko da zafi. Ƙadangare da maciji da kunkuru kuwa aron zafi suke yi daga waje. Wannan ya rage musu wahalar neman abinci, gama abin da ƙadangare ke bukata bai wuce kamar kashi ɗaya cikin goma na abin da ɓera mai nauyinsa zai ci ba. Amma akwai sharaɗi. Ruwan da ke narkar da abinci a tumbinsa, da motsin hanjinsa, ba su aiki sosai sai jiki ya yi ɗumi. In ya ci ya ƙoshi sa'an nan sanyi ya kama shi, abincin yakan zauna a ciki bai narke ba, har ya soma ruɓewa. Saboda haka in ka ga ƙadangare ya haɗiye fara ya koma kan dutse ya baje, kada ka ce lalaci ne. Tukunya ya ɗora a kan wuta.

Akwai kuma wani aiki na biyu da rana ke yi masa. Cikin haskenta akwai wani ɓoyayyen haske da idon mutum ba ya gani, wanda in ya sauka a kan fata sai jiki ya ƙera sinadarin bitamin D. Da wannan sinadari ne hanji ke iya tsotso kalsiyam daga abinci, shi kuwa kalsiyam da shi ake gina ƙashi. Ƙadangaren Ijora yana samun zafi da wannan haske kyauta, kowace rana, kusan sa'a goma sha biyu, domin Ikko tana kusa da tsakiyar duniya, tsawon yininta bai cika canjawa ba daga wata zuwa wata.

ƊAN'UWANSA NA OSTARELIYA

Abin da ya sa wannan magana ta wuce hirar teburin mai shayi shi ne wata al'ada da ta bazu a Turai da Amurka da Asiya, wadda hotunan wayar hannu ke kawo wa samarinmu har cikin ɗaki, watau kiwon ƙadangare a akwatin gilashi kamar yadda ake kiwon tantabara ko zomo. Wanda aka fi kiwo shi ne wani ƙadangaren tsakiyar ƙasar Ostareliya, masana na kiransa Pogona. In aka juya sunan da Turawa suka raɗa masa zuwa Hausa, sai a ce dodo mai gemu, saboda wata fata mai ƙaya-ƙaya a maƙogwaronsa wadda yake kumburawa ta yi baƙi in ya fusata. Dangi ɗaya suke da jan gwadanmu, har gyaɗa kan ma iri ɗaya ne. Tsawonsa yakan kai santimita 60 har da wutsiya, yana da sanyin hali, kuma in ya sami kulawa yakan yi shekara goma zuwa goma sha biyar. Ostareliya ta hana fitar da namun dajinta tun shekarun 1960, don haka waɗanda ake sayarwa a duniya a hannun masu kiwo aka ƙyanƙyashe su.

To, duk wanda ya raba wannan dabba da rana ya sa ta a ɗaki, ya ɗauki bashin rana a wuyansa, kuma dole ya riƙa biya kullum a kan lokaci. Masu kiwo na ƙasashen sanyi suna biyan bashin nan da fitilu iri biyu. Ta farko ita ce fitilar zafi, wadda ake ratayawa a gefe ɗaya na akwatin, a kan dutse ko reshe, yadda wurin zai kai digiri 38 zuwa 42. Ɗaya gefen kuma a bar shi da sanyi-sanyi, wajen digiri 22 zuwa 26, domin dabbar ta riƙa kai da kawowa tsakaninsu, daidai da yadda na Ijora ke yi tsakanin katanga da ƙarƙashin tirela. Ta biyu ita ce doguwar fitila mai ba da ɓoyayyen hasken nan, wadda ake rubuta haruffan UVB a jikin kwalinta. Wannan fitila tana da wata yaudara: takan ci gaba da haske a ido bayan ƙarfinta na ainihi ya ƙare, shi ya sa ake canja ta bayan wata shida zuwa shekara guda, gwargwadon irinta. Har wa yau, wannan haske ba ya ratsa gilashin taga. Wanda ya ajiye akwati a bakin taga a rufe yana cewa ai rana na shiga, zafi kawai ya ba dabbar.

Lokacin kunnawa da kashewa shi ma ba abin wasa ba ne. Abin da aka fi bi shi ne sa'a goma sha biyu na haske, sa'a goma sha biyu na duhu, a kunna a lokaci ɗaya kowace safiya, a kashe a lokaci ɗaya kowane dare. Da yawa suna amfani da ɗan agogon da ake maƙalawa a soket yana kunnawa da kashewa da kansa. Da dare ana son duhu sosai, ba a barin ko jar fitila, gama dabbar tana barci na gaske. A shekarar 2016 masu bincike a cibiyar Max Planck ta ƙasar Jamus sun nuna cewa ƙwaƙwalwar wannan ƙadangare tana shiga matakan barci iri biyu, masu kama da na mutum da tsuntsu. Bugu da ƙari, a tsakiyar kansa akwai wani ɗan tabo da masana ke kira ido na uku, wanda ba ya ganin siffa amma yana jin haske da duhu, yana taimaka wa jiki ya san lokaci.

In aka gaza wajen hasken nan, abin da ke biyo baya ba shi da daɗin gani. Jiki yakan koma yana zarar kalsiyam daga ƙashi, muƙamuƙi ya yi laushi, ƙafafu su karkace, dabbar ta riƙa rawar jiki tana jan ciki. Ciwo ne ɗan'uwan wanda ke gwame ƙafafun yara. Ya kamata a ambata a nan cewa binciken da likitoci suka yi a Jos, wanda aka buga a 1999, ya nuna cewa a wurin yaranmu ƙarancin kalsiyam a abinci ne babban dalili, tun da rana ba ta yi mana rowa ba. Ga ƙadangaren cikin akwati kuwa, sau da yawa duka biyun ne ke haɗuwa.

Yanzu sai mai karatu ya auna wannan da halin da muke ciki. A tsaye a gindin tsohuwar tashar Ijora, cikin ƙarar janareta ta ko'ina, wa zai yi wa dabba alkawarin wuta sa'a goma sha biyu ba yankewa, kowace rana, har shekara goma? Sai mai sola da batura, ko mai ƙarfin sayen mai. Sauƙin da muke da shi shi ne ranar kanta. Kejin waya a tsakar gida, da inuwa a gefe ɗaya da ruwa, ya fi kowace fitila, muddin an tsare shi daga kyanwa da shaho. Amma kada a kuskura a fitar da akwatin gilashi cikin rana, gama yakan zama tanda ya kashe dabbar cikin ɗan lokaci. Sa'an nan ga matsalar laima. Wannan dabba ta busasshiyar ƙasa ce, iskar Ikko kuwa a jiƙe take kusan duk shekara, abin da kan jawo mata ciwon numfashi da na fata. Ta wannan fuska iskar Kano ko Sakkwato ta fi kusa da ta ƙasarsu.

LAFIYAR CIKI

Dokokin ciyarwa duk daga wancan tushe suka fito, cewa zafi ne ke narkar da abinci. Ba a ba shi abinci da zarar an kunna fitila, sai ya yi kamar sa'a guda ko biyu yana shan ɗumi. Haka kuma ba a ba shi dab da kashe fitila, sai a bar masa aƙalla sa'a biyu na zafi bayan ya ci. Ƙanana sun fi bukatar ƙwari irin su gyare, domin suna girma. Manya kuwa ganye ne ya kamata ya fi yawa a abincinsu, da ɗan kabewa ko kuɓewa. Ana barbaɗa garin kalsiyam a kan ƙwarin kafin a ba su. Masu kiwo suna da wani ma'auni mai sauƙi: kada a ba shi abin da ya fi tazarar da ke tsakanin idanunsa girma. Ba a ba shi albasa ko piya, ba a kuma kamo masa fara daga gonar da aka yi wa feshi.

Babban abin da ke kashe su ta wajen ciki shi ne toshewar hanji. Yana faruwa in dabbar ta haɗiyi yashi ko tsakuwa tare da abinci, ko ta ci ƙwaro mai taurin ɓawo, alhali ba ta da isasshen zafi da ruwa a jiki. Alamunsa su ne daɗewa ba kashi, da kumburin ciki, da ƙin abinci, wani lokaci har ƙafafun baya su mutu. Wannan aikin likitan dabbobi ne, ba a jira. Ita ma lafiyar mai kiwon abin dubawa ce, domin dabbobi masu jan ciki suna ɗauke da ƙwayar cutar salmonela a kashinsu ko da suna da lafiya. Dole ne a wanke hannu da sabulu bayan an taɓa su, kuma hukumomin lafiya na Amurka suna ba da shawara kada a ajiye su a gidan da ke da yara 'yan ƙasa da shekara biyar.

KWANCIYAR HUNTURU

Akwai wani hali na mai gemu da ke tayar wa sababbin masu kiwo hankali. Wata rana sai a ga ya rage ci, ya bar dutsen zafi, ya shige lungu ya kwanta, mako ya bi mako, wani har wata uku. A ƙasarsu wannan shi ne maganin hunturu. A garin Alice Springs da ke tsakiyar Ostareliya, daga Yuni zuwa Agusta, yini yakan gajarta ya sauko ƙasa da sa'a goma sha ɗaya, dare kuma ya yi sanyi har wani lokaci raɓa ta daskare. Ba zafin narkar da abinci, ba kuma abincin. Sai dabbar ta shiga rami, bugun zuciyarta ya ragu, numfashinta ya yi ƙasa, ta jira bazara. Takan farka jefi-jefi ta sha ruwa ta koma.

Mu Hausawa wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, sai dai namu na rani ne. Kowa ya san gaiwa, wadda in tafki ya ƙafe take shigewa cikin laka ta naɗe kanta har ruwa ya dawo, shi ya sa ake cewa gaiwa jikinta take ci. Ga kuma damo, sarkin haƙuri. Binciken da aka yi a ƙasar Senegal a shekarun 1970 ya nuna cewa damo yana cin abincinsa ne da damina, lokacin ƙadandoniya da gyare da buzuzu, ya tara kitse, sa'an nan in rani ya tsananta ya lafe a rami ko kogon itace, ya yi watanni bai ci komai ba. Ashe haƙurin da ake yi masa kirari da shi yana da tushe. Manomin Katsina ko Maraɗi da ya ce ba a ganin damo sai ruwa ya sauka, ilimi ya faɗa.

Ga mai kiwon mai gemu, hatsarin kwanciyar nan yana wuri biyu. Na farko, kada dabbar ta kwanta da abinci a ciki. In ta nuna alamar kwanciya sai a daina ba ta abinci, a bar mata fitilun zafi na kamar mako biyu har ta fitar da abin da ke cikinta, sa'an nan a riƙa rage sa'o'in haske kaɗan-kaɗan. In lokacin tashi ya yi, a ƙara su kaɗan-kaɗan. Na biyu, ciwo yakan yi kama da kwanciya. Abin da ke raba su shi ne sikeli. Mai kwanciyar lafiya nauyinsa ba ya raguwa sai ɗan kaɗan, mai ciwo kuwa ramewa yake yi, idanu su faɗa, gindin wutsiya ya tsotse. Don haka ake auna shi kowane mako, ake kuma kai kashinsa a duba ko akwai tsutsar ciki tun kafin ya kwanta. Wanda bai kai shekara ba, ko marar ƙarfi, ba a so ya kwanta.

A Ikko akwai ƙarin abin lura. Zafin garin da wuya ya sauko ƙasa da digiri 20 ko da a tsakiyar hunturu, ɗakuna kuwa sun fi haka ɗumi. Dabbar da ta daina ci a cikin irin wannan ɗumi, jikinta bai sassauta aiki yadda ya kamata ba, tana nan tana ƙona abin da ta tara. Saboda haka a nan ba a tilasta mata kwanciya, in kuwa ta daina ci, a fara zargin ciwo ko lalacewar fitila kafin a ce hunturu ne. Jan gwadan Ijora dai ba ya wannan kwanciya. Ana ganinsa a katanga daga Janairu zuwa Disamba, sai dai in an kwana biyu ana ruwan Yuni ba rana, ya ɗan yi ƙaranci.

NAMU DA AKE FITARWA

Kada a ɗauka wannan duk labarin dabbar wasu ne. Kamar yadda ake kawo na Ostareliya, haka ake kwasar namu. Ana fitar da 'ya'yan damo dubbai kowace shekara daga Gana da Togo da Jamhuriyar Benin zuwa shagunan Turai da Amurka, yawanci daga daji aka samo su ko aka kwaso ƙwansu. Cinikin yana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta 1973 wadda ke sa ido a kan fataucin namun daji, Nijeriya ma ta kafa tata dokar, mai lamba 11, a 1985. Amma takardar izini ba ta koya wa mai saye halin dabba. Damon da Allah ya halitta ya ci ƙwari rabin shekara ya yi azumi rabin shekara, sai a sa shi a akwati ana ɗura masa ɓeraye daga farkon shekara zuwa ƙarshenta. Da yawa kitse ne ke kashe su tun ba su tsufa ba. An ƙoshe su, amma an hana su lokutansu.

Shi kuwa jan gwada, da aka kai shi Amurka ta hanyar wannan ciniki, wasu suka kuɓuce ko aka sake su. Tun 1976 ake ganinsa a jihar Florida, yanzu ya bazu a katangu da wuraren ajiye motoci, yana gyaɗa kai kamar a Agege. Da ya sami rana ya sami katanga, bai nemi taimakon kowa ba.

Hausawa sun ce albarkacin kaza ƙadangare ya sha ruwan kasko. A Ijora albarkacin mai shayi yake tsintar ɓurɓushin burodi, albarkacin 'yan kifi yake samun ƙuda, amma ba wanda ya ɗauki nauyinsa, ba kuma wanda zai amsa tambaya a kansa. Ranar da mutum ya rufe dabba a akwati, daga ranar ya zama shi ne ranarta, shi ne damina da raninta. Saboda haka muna kira ga samarinmu na Ikko da Kano da Kaduna waɗanda wannan kiwo ya soma ba su sha'awa, kafin su tambayi kuɗin dabbar su fara lissafin wuta, da fitilar da za a riƙa canjawa, da likitan da ya san irin wannan aiki, da shekaru goman da ke gaba. In lissafin bai fita ba, to, katangar gida tana nan, kuma kallon jan gwada ba a biyan ko kwabo.